Mikiroskop mai ƙirga sawun yuraniyom da kansa: mu saya ko mu dakata?

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce kana shirin digirin dokta a fannin ilimin duwatsu nan Yamai, ana maganar wani tallafi da za a sayi kayan aiki da shi, kuma an nuna muku wani mikiroskop mai haɗe da kwamfuta wanda aka ce shi da kansa yake ƙirga sawun tsagewar yuraniyom ya fitar da shekarun dutse. Kana so ka san ko gaskiya ne, da kuma ko ya kamata ku sa kuɗinku a kansa.

Na'urar gaskiya ce. Na yi aiki da irinta, kuma tana da amfani ƙwarai. Sai dai in ni ke riƙe da kuɗin, ba da ita zan fara ba. Kafin ka gane dalilina dole mu koma kan abin da ake ƙirgawar.

Nau'in yuraniyom da ake kira 238 yawanci yana ruɓewa ne sannu a hankali, sai an yi shekara biliyan 4.47 kafin rabinsa ya ƙare. Amma jifa-jifa, kamar sau ɗaya cikin miliyan 2, ƙwayar zarrarsa takan tsage gida biyu haka kawai. Ɓangarorin biyu su yi tsalle, kowa ya nufi gabansa, su bar tabo siriri a jikin ma'adinin da suke ciki. Wannan tabon muke kira sawu. Siririntarsa ta wuce abin da mikiroskop na haske zai gani, sai a farkon shekarun 1960 Price da Walker, tare da Fleischer, a ɗakin binciken kamfanin General Electric a Amurka, suka gano cewa in aka jiƙa ma'adinin cikin asid, asid ɗin yakan fi cin wurin tabon, ya buɗe shi har ido ya gan shi. Daga nan lissafin ya fito: in ka san yawan yuraniyom da ke cikin ƙwayar ma'adini, ka kuma ƙirga sawun da ke kan fuskarta, za ka san tsawon lokacin da sawun ya yi yana taruwa.

Ka riƙe wannan maganar da kyau, lokacin da sawun ya yi yana taruwa, domin a nan ɗalibai da yawa ke ɓacewa. Zafi yana warkar da tabon. A afatit, ma'adinin fosfat da ake samu ƙwaya-ƙwaya cikin dutse, sabon sawu yakan kai kusan mikiron 16 a tsawo (mikiron ɗaya cikin dubu ne na milimita). Tsakanin digiri 60 da 120 yakan riƙa gajarcewa, sama da haka kuma ya ɓace gaba ɗaya in aka daɗe. Ma'adinin zirkon ya fi juriya, sai zafi ya haura digiri 200 kafin nasa ya fara tafiya sosai. Saboda haka in ka ɗauko dutsen giranit daga Liptako, hayin kogi, wanda ya daskare sama da shekara biliyan 2 da suka wuce, afatit ɗinsa zai ba ka shekarun da suka yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba, kuma ba kuskure ba ne. Labarin sanyinsa yake ba ka, wato lokacin da zaizayar ƙasa ta yaye abin da ke kansa har ya matso sama. Shi ya sa masu neman man fetur suke ƙaunar wannan hanya: zafin da ke gajarta sawun afatit kusan shi ne zafin da mai yake nuna a cikinsa. Ga mai nazarin kwarin Termit da Agadem, ko tarihin duwatsun Azbin, ko kwarin Iullemmeden da Tawa take zaune a kansa, wannan ba ƙaramin makami ba ne.

Akwai abin da na san za a tambaye ka, tunda mu ƴan ƙasar yuraniyom ne. Ba da ma'adinin Arlit ake wannan aiki ba. Yuraniyom ya yi masa yawa, jikinsa duk ya lalace, babu sawun da za ka ware daga ɗan'uwansa. Afatit ɗin da muke so ɗan kaɗan yake ɗauke da shi, ƴan gomomi cikin miliyan. Haka fosfat ɗin yankin Tawa: dangin afatit ne, amma ƙwayoyinsa sun yi ƙanƙanta, ba su da fuskar da za a goge a ƙirga.

To, mene ne aka mayar mai sarrafa kansa? Abu uku ne daban-daban, masu talla kuma sukan cusa su cikin buhu ɗaya.

Na farko shi ne faranti mai tafiya da injin. A tsohuwar hanya, wadda har yau ake bi, bayan an goge ƙwayoyin an jiƙa su, sai a manna musu siririn ɓawon ma'adinin mika, a aika su tukunyar nukiliya ta bincike. Can ake harba musu nutiron, ƙananan ɓurɓushi daga cikin ƙwayar zarra, sai wani nau'in yuraniyom ɗin, wato 235, ya tsage, ya bar sabon sawu a jikin mikan. Yawan sawun mikan shi ke nuna yawan yuraniyom na kowace ƙwaya. Wahalar ita ce hoton da ke kan mikan a juye yake kamar na madubi, kuma dole ka nemo daidai inda kowace ƙwaya ta kwanta. Da hannu wannan aiki ne mai cin rai. Da farantin injin kuwa, maki uku kawai za ka nuna wa kwamfuta a kowane gefe, ita ta yi lissafin sauran, ka danna ta kai ka. Kamfanin Autoscan na Melbon a Ostareliya ya daɗe yana ƙera irin wannan, kuma Trevor Dumitru na jami'ar Stanford ya fitar da nasa tsarin a 1993. Wannan ɓangaren babu gardama a kansa, yana aiki.

Na biyu shi ne ɗaukar hoto. Ka zaɓi ƙwayoyinka, ka sa musu alama, ka tafi gida. Mikiroskop ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya saita kansa, ya ɗauki jerin hotuna daga fuskar ƙwaya zuwa cikinta, mataki-mataki, kowane mataki bai kai mikiron ɗaya ba. Yana ɗauka da hasken da ke ratsowa daga ƙasa, yana kuma ɗauka da hasken da ke faɗowa daga sama. Da safe sai ka tarar da ƙwayar gaba ɗaya a kwamfuta, kana iya nutsawa cikinta kana fitowa kamar hannunka na kan abin saitin. Manhajar TrackWorks ta ƙungiyar Andrew Gleadow a jami'ar Melbon wannan aikin take yi, galibi a kan mikiroskop ƙirar Zeiss. A ganina wannan shi ne mafi daraja cikin ukun, zan dawo kansa.

Na uku shi ne ƙirgar kanta, kuma a nan gizo yake saƙa. Dabarar da Gleadow da abokan aikinsa suka wallafa a 2009, wadda ke cikin manhajar FastTracks, tana da hikima. A hasken sama, bakin kowane sawu yakan fito baƙi a kan fuska mai sheƙi. A hasken ƙasa kuma jikinsa ake gani. Sai kwamfuta ta ɗora hotunan biyu, abin da ya bayyana a duka biyun a wuri ɗaya ta ce sawu ne, wanda ya bayyana a ɗaya kawai ta watsar. Da haka ƙura da ƙarce da abubuwan da ke can cikin ƙwaya da yawa sukan faɗi. A kan mika, mai fuska sumul, tana yin kyau sosai. A kan afatit mai tsabta wanda aka goge da kyau, mai matsakaicin yawan sawu, nan ma tana ƙoƙari. Daga baya aka shigo da ƙirƙirarriyar basira: a 2021 Nachtergaele da De Grave na jami'ar Gent a Beljiyam suka fitar da AI-Track-tive, kyauta, wadda aka horar da ita da hotunan da mutane suka riga suka ƙirga.

Amma dutse ba ya zuwa yadda littafi ya zana shi. Afatit yana da nasa lahani na halitta, karkacewar jerin ƙwayoyin zarra, da ƙananan kumfa na ruwa da suka maƙale tun yana girma, kuma asid yana buɗe su kamar yadda yake buɗe sawu. Suna da baki a fuska, suna da jiki a ciki, wato sun ci jarrabawar kwamfuta. Mutumin da ya ƙware yana rarrabe su da abubuwan da ya koya a hankali: sawun gaske miƙaƙƙe ne, yana da iyakar tsawo, kuma ƴan'uwansa kowa ya kalli inda ya ga dama. Lahani kuwa yakan lanƙwasa, ko ya yi reshe, ko ka ga goma sun jeru sun fuskanci alƙibla ɗaya kamar sahu. A ƙwayar da sawunta na gaske biyar ne, lahani uku da aka ƙirga sun ƙara mata fiye da rabin shekarunta.

Lokacin da nake koyon wannan aiki a wani ɗakin bincike a waje, an ba ni wani samfuri na dutsen aman wuta. Na ƙirga, na kai wa malamata sakamako ina murna. Ta zauna ta duba ƙwaya uku kacal, ta kira ni ta ce in leƙa in gaya mata ina sawun suka fuskanta. Duk gefe ɗaya suka kalla. Aikin mako biyu ya tafi. Na tuna da wannan ranar shekaru bayan haka, da na ga manhaja ta yi wa irin waɗannan layuka alama ɗaya bayan ɗaya ba tare da wata shakka ba.

Matsala ta biyu ta fi shafarmu. Duwatsunmu tsofaffi ne, sun daɗe da yin sanyi, saboda haka sawu kan yi yawa har su hau juna. Inda uku suka haɗu ido yana iya warware su, kwamfuta kuwa takan gan su dunƙule ɗaya. Manhajar tana ƙoƙarin gyarawa ta hanyar auna girman dunƙulen, amma dole mutum ya bi baya. A zirkon tsoho abin yakan kai inda ko mutum ba ya iya ƙirgawa. Don haka a kowane ɗakin bincike na kirki tsarin ɗaya ne: na'ura ta yi zagayen farko, mai bincike ya bi ƙwaya-ƙwaya yana cirewa yana ƙarawa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Wani zai ce ai na'ura tana ƙirga dubbai, yawan zai rufe kuskuren. Lissafi bai yarda da haka ba. Kuskuren da ke zuwa daga ƙarancin adadi yana raguwa in aka ƙara ƙirga: sawu 100 suna ba ka rashin tabbas na kashi 10 cikin 100, sawu 400 kashi 5, sawu 2,500 kashi 2. Amma in na'urar tana barin ɗaya cikin kowane goma, ko ta ƙirga miliyan, ɗaya cikin goman nan yana nan. Abin da ke kama irin wannan shi ne gwaji da duwatsun da aka riga aka san shekarunsu. Tun 1983 Hurford da Green suka kawo wani ma'auni da ake kira zeta, kuma a 1990 aka amince da shi a matsayin hanyar da kowa zai bi. Za ka ƙirga afatit na Durango daga Meziko, mai shekara miliyan 31.4, da na Fish Canyon daga Kolorado, mai kusan miliyan 28, sau da yawa, har a fitar da lamba ta idonka kai kaɗai. Zeta ɗina ba naka ba ne. Wanda ke aiki da na'ura shi ma sai ya fitar da nasa da wannan na'urar da wannan saitin, kuma in ya canza saitin sai ya sake. Watanni ake yi a kan wannan kafin a bar ɗalibi ya taɓa samfurinsa, kuma babu mikiroskop ɗin da zai gajarta maka watannin nan.

Sai auna tsawo, wanda shi ke ba da labarin zafi. Ana neman sawun da ke kwance gaba ɗaya cikin ƙwaya, kansa biyu duk a binne, wanda asid ya isa gare shi ta wani sawu ko ta tsaga. Akan so a samu kamar 100 a samfuri guda, tare da ƙirgar ƙwaya 20. A da da allon zane da ɗan haske ja muke aunawa. Yanzu a kan jerin hotuna kana danna kai biyu, manhaja ta ba ka tsawo har da gangarensa da kusurwarsa ga doguwar gaɓar ƙwayar, ta kuma auna faɗin bakin ramukan, wanda ke nuna saurin warkewar wannan afatit ɗin. Sauƙi ne babba. Amma gano sawun da yanke hukuncin inda ya ƙare har yanzu yawanci aikin ido ne. Richard Ketcham da abokansa sun raba samfuri iri ɗaya ga ɗakunan bincike da dama, sakamakon da suka wallafa a 2009 da 2015 ya nuna bambanci tsakanin masu aunawa wanda ya wuce abin da lissafi ya yarda da shi. Waɗannan lambobin ne ake zubawa cikin manhajar HeFTy ta Ketcham ko QTQt ta Kerry Gallagher su zana maka tarihin zafin dutse. Zanen zai fito da kyau ko da me ka ba su, abin da ke ba ni tsoro ke nan.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce ba da mikiroskop zan fara ba. Shi ne zoben ƙarshe a sarƙa mai tsawo. Kafin ƙwaya ta hau farantinsa sai ka samo dutse mai rai, kilo da dama, domin jar ƙasar da ta rufe Liptako tana narkar da afatit ta bar zirkon. Sai a fasa, a niƙa, a tankaɗe, a wanke kamar yadda masu neman zinariya ke yi a Komabangu, a bi da maganaɗisu, sannan ruwa mai nauyi ya raba afatit, wanda nauyinsa ya kai ninki 3.2 na ruwa, daga yashin da bai kai haka ba. Sai a zuba cikin ƙaron roba, a goge har fuskar ta zama madubi. Gugar nan ita ce ran ƙirgar kwamfuta, ƙarce kaɗan ya isa ya rikita ta. Sai jiƙo: asid na nitirik mai ƙarfin mola 5.5, daƙiƙa 20, a digiri 21. Ka dubi wannan lambar ka tuna watan Afrilu a Yamai, lokacin da ma'auni ke wuce 40 a inuwa. In ruwan jiƙon ya ɗumama, tsawon sawu da faɗin rami duk sun canza, kuma ba za su yi daidai da gwaje-gwajen da aka gina manhajojin a kansu ba. Kwanon ruwa mai riƙe sanyi daidai ba ya cikin abin da ake nuna muku a takardar talla, amma ba ka da aiki in babu shi.

Sai kuma auna yuraniyom. Nijar ba ta da tukunyar nukiliya ta bincike. Masu wannan aiki sukan aika zuwa wurare irin su Mol a Beljiyam, ko jami'ar jihar Oregon a Amurka, su jira makonni ko watanni kafin kayan su huce a dawo da su, sannan a jiƙa mikan cikin asid na haidurofulorik, wanda haɗarinsa ga jiki ba wasa ba ne. Ɗaya hanyar, wadda Hasebe da abokan aikinta suka nuna a 2004, ita ce a harba leza a ƙwayar a auna yuraniyom 238 kai tsaye da na'urar auna nauyin ƙwayoyin zarra. Ta kawar da tukunya da mika, amma na'urar tana da tsada sosai, tana shan iskar argon kullum, kuma ba ta yafe ɗaukewar wuta. Ko ta wace hanya, mikiroskop shi kaɗai ba zai ba ka shekara ko ɗaya ba. Sayensa da fari kamar sayen sirdi ne babu doki a turke. Ka ƙara da ƙurar hunturu a kan gilasai da injin farantin, da ɗakin da dole ya kasance cikin sanyi dare da rana, da batir mai riƙe wuta don kada aikin dare ya katse a tsakiya.

Na ce zan dawo kan hotuna. Leza tana huda ƙwaya, ta ƙone wurin da aka ƙirga, saboda haka hoton shi ne shaidar da ta rage. Kuma hoto yana tafiya. A da in na ce na ga sawu 37 a ƙwaya, sai dai ka yarda da ni. Yanzu za ka buɗe, ka ga kowace alama da na sa, ka ce wannan ban yarda da ita ba. Malami a Landan ko Melbon yana iya duba aikin ɗalibi a Tawa. Ɗalibai goma suna iya ƙirga ƙwaya ɗaya a aji su kwatanta, abin da mikiroskop ɗaya ba zai taɓa ba su ba. Pieter Vermeesch na Landan, wanda ya rubuta RadialPlotter da IsoplotR da ake lissafin shekarun da su kyauta, ya ma gwada buɗe irin waɗannan hotuna a intanet don mutane da yawa su ƙirga ƙwaya guda. Ma'anar wannan gare mu ita ce ana iya raba aikin: a shirya samfuri a Yamai, a ɗauki hoto a auna yuraniyom a ɗakin binciken da kuka ƙulla yarjejeniya da shi, a dawo da hotunan gida, ƙirga da fassara su zama naku. Abin da kuke buƙata a nan shi ne kwamfuta mai ƙarfi da babban allo da ma'ajiya mai yalwa, domin hotunan suna cin wuri, kuma a ajiye su wuri biyu.

Saboda haka shawarata, ku sa kuɗin farko a ɗakin rarrabe ma'adinai da injin guga da mikiroskop na hannu mai kyau, mai hasken sama da na ƙasa, mai girmamawa sau 1,000. Wannan ɗakin zai yi wa kowa a sashen aiki, har masu zirkon da masu zinariya. Sannan mutum ɗaya, wataƙila kai, ya tafi wata shida ko shekara inda ake aikin kullum, ya dawo da zeta ɗinsa da hotunan Durango da zai koyar da na baya.

In kuma tallafin an ɗaure shi ne a kan na'urar, ba yadda za a juya shi, to kada ku karɓi nuni da samfurin mai sayarwa, domin mafi tsabta zai zaɓo. Ku aika masa da naku afatit ɗin daga Liptako ko Azbin, ku ce ya ba ku ƙirgar na'ura kafin gyara da bayan gyaran mutum, ku ga tazarar. Ku tambayi ko lasisin manhajar na har abada ne ko na shekara-shekara, kwamfuta nawa za a iya sa ta, ko hotunan suna buɗuwa da wata manhaja, wane ne zai zo gyara in farantin ya tsaya, kuma kwana nawa na horo ke cikin kuɗin. A rubuta amsoshin cikin yarjejeniyar kafin a sa hannu.

Ka turo mini taswirar wuraren da kake son ɗauko samfuri, da irin dutsen kowane wuri. Zan so in gani kafin ka hau mota, domin akwai duwatsun da tun daga sunansu zan iya gaya maka afatit ɗinsu ba zai ishe ka ba.